Farfesun Ranar Alhamis

Shekara goma sha ɗaya muna cin abinci a kwano ɗaya da Alhaji kafin in fara zarginsa da neman raina.

Ofishinmu ɗaya a ma'aikata, teburinsa na kallon nawa. Ya girme ni da shekara huɗu, amma matakinmu ɗaya a aiki. Gidansu na cikin lungunan Gobarau, ni kuma ina zaune a Ƙofar Kwaya. Mutum ne marar yawan magana, idan ka ba shi labari sai ya yi ta gyaɗa kai yana jan gemu, ba ka sanin ko ya yarda ko bai yarda ba. Duk ranar Alhamis Hajiyarsa takan yi farfesun kayan ciki ta cika masa babbar kula. Idan an idar da Azahar sai mu shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar bedin da ke bayan ofis, mu huɗu ko biyar, wani ya sayo burodi. Farfesun nan yaji ne da kitse, ga tumbi, ga hanta, ga ƙoda. A gidana ba a yawan dafa jan nama. Maiɗakina ta fi ganewa kifi da kaza da wake, idan ma an sa naman sa a miya, yanka biyu ne a kan tuwo. Saboda haka Alhamis ce ranar da nake cin nama in ƙoshi.

A lokacin ina kiwo. Raguna uku a gida, da wani sa a 'yar gonata da ke bayan gari. Asabar da Lahadi can nake wuni, in yanka ciyawa, in wanke san, in cire masa kaska da hannuna.

Ranar da abin ya fara, Alhamis ce cikin damina. Na dawo gida na jiƙa wa raguna dusa, ana gab da kiran Magariba, sai na ji tafin hannuna na ƙaiƙayi. Na goga a riga. Kafin in gama alwala ƙaiƙayin ya hau wuyana da bayana, fatar ta tashi rudu-rudu kamar an zane ni da bulala. Cikina kuma ya murɗa. Maiɗakina ta duba ta ce borin jini ne, ta shafa mini manja, ta je kemis ta karɓo ƙwaya. Washegari na tashi garau.

Bayan mako biyu ya dawo. Ya sake dawowa makon da ya biyo. A karo na uku leɓena ya kumbura har magana ta gagare ni. Maƙwabciyarmu ce ta taimaka, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filato da duk layin ke kira Sista. Ita da mijinta sun fi shekara goma suna haya a gidan da ke jikin namu. Ta shigo ta yi mini allura, ta zauna har kumburin ya saɓe.

"Malam, me ka ci?" in ji ta.

"Ban ci komai ba, Sista. Rabona da abinci tun Azahar."

"To ba abinci ba ne ke nan. Da abinci ne, da tun a wurin zai tashi. Ko sabulu kuka canza?"

Muka canza sabulu. Muka shanya katifa. Aka daina turaren wuta a ɗakina. Maiɗakina ce, tana ninke kaya wata safiya, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Ni dai na lura abin nan bai taɓa zuwa ba sai ranar Alhamis."

Na yi kamar ban ji ba. Amma na je ofis da maganar a kaina.

A wannan watan ne kuma mataimakin daraktan sashenmu ya yi ritaya. Kowa ya san mu biyu ne a kan layi, ni da Alhaji. Shi ya riga ni shiga aiki, ni kuma takarduna sun fi nasa. Ba mu taɓa tayar da zancen ba. Mukan gaisa, mu tambayi iyali, mu tambayi gajiya da ruwa, kowa ya buɗe fayil ɗinsa.

Yayata, wadda ke aure a Ƙofar 'Yandaka, ta zo duba ni. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, har gobe Auta take ce mini duk da furfurar da ke kaina. Ta saurari labarin tun daga farko, ta tambayi ranakun, ta tambayi wanda ke kawo abincin. Da na ambaci maganar kujerar mataimakin darakta sai ta ajiye kofin ruwan da ke hannunta.

"Auta, mi kake jira a gaya maka kuma? Sammu ake ba ka a abinci."

"Haba Yaya. Mu biyar ke ci a kwano ɗaya."

"Kuma kai kaɗai ke kumbura. Wanga abu da sunan mutum ake yin shi. Ko mutum ɗari suka ci, mai sunan zai kama."

Na yi dariya, na ce mata ni ban yarda da irin wannan ba. Da gaske nake a lokacin. Amma Alhamis ta gaba, da aka buɗe kula, sai na samu kaina ina kallon hannun Alhaji.

Na ga ya juya farfesun da cokali, ya tsamo ƙoda, ya turo ta gefena. "Ci ƙoda, Malam, na san kana so." Haka yake yi shekara da shekaru, ban taɓa kawo komai ba. Ranar nan na lura shi kansa romo kawai yake dangwala da burodi. Na tambaye shi, ya ce hawan jini, likita ya hana shi kitse. Na ce a raina, tun yaushe? Me ya sa bai taɓa faɗa ba? Na faki idon mutane na naɗe ƙodar a leda na tura aljihu. Da na isa gida na jefa wa kyanwar da ke yawo a kan katangarmu. Ta cinye, ta lashe baki. Kwana uku ina leƙa katanga. Kyanwa ba abin da ya same ta, ni ma ranar ban yi borin jini ba, don ɗan romo kawai na taɓa. Na rasa wanne zan ɗauka cikin biyun. Yaya ta ce ai kyanwa ba ta da suna a ofis.

Daga nan komai na Alhaji ya zama abin dubawa. Idan ya ce "Ya ƙarfin jiki?" ranar Juma'a, sai in tsaya ina tunanin wa ya gaya masa ban ji daɗi ba. Idan bai tambaya ba, in ce ya san abin da ya yi. Wata rana na dawo daga bayi na tarar da shi tsaye a teburina, ya ce jan biro yake nema. Bayan ya fita na zubar da ruwan da ke gorata. Na fara kulle durowa. Na ga ya shiga ofishin darakta ya daɗe, na duba agogo, minti ashirin da biyar.

Sai na samo dabara. Na ce na fara azumin Litinin da Alhamis. Don kada in yi ƙarya da ibada, na riƙa yin azumin da gaske, ko da yake Allah ya san niyyar da ta fara kai ni. Mako shida ban ci farfesu ba, mako shida jikina lafiya lau. Yaya ta ce, "Ka gani ko?"

A mako na bakwai, ranar Laraba, Alhaji ya shigo da kula.

"Malam, na ce wa Hajiya ta mayar da shi Laraba. Ba daɗi muna ci kana kallo."

Na dubi fuskarsa ina neman wata alama, ban ga komai ba sai gemu da tabarau. Mutum ya canza ranar da ya saba shekara goma sha ɗaya saboda ni kaɗai? Na ce masa na gode, amma cikina ba daɗi. Laraba ta gaba na ce ina da aiki a sakatariya. Ta uku, da na taso, na tarar an kawo ƙaramar kula gidana, wai in ji Hajiya, a ba Malam tunda bai samu ci a ofis ba. Maiɗakina ta tsaya da kular a hannu tana kallona. Na karɓa, na je bayan turken raguna na haƙa rami na juye. Farfesun na ta tururi, ƙamshinsa ya cika gidan. Maiɗakina ta wanke kular, ta zuba dabino a ciki aka mayar, kamar yadda aka saba.

"Idan fa ba shi ba ne?" ta ce.

"Idan kuma shi ne fa?"



Haka muka kai Babbar Sallah. Ragon da na yanka ni na yi kiwonsa wata tara. Ni na kayar da shi, ni na sa wuƙa, a gabana aka feɗe. Maiɗakina ta soya hanta da ƙoda da ɗan kitse, na ci da hantsi, na ci sosai, don na yi kewar nama. Na wuni ina rabon nama a cikin rana, har gidan Sista na miƙa musu cinya. Ana kiran La'asar tafin hannuna ya fara.

Wannan karon bai tsaya a fata ba. Maƙogwarona ya riƙa tsukewa, numfashi na fita da ƙara, na ga tsakar gida na juyawa. Na zauna a ƙasa kusa da turmi. Maiɗakina ta taho da gudu, hannunta duk mai. Abin da zan faɗa yanzu ban taɓa gaya wa kowa ba sai ita, shi ma bayan shekara guda. A wannan lokacin, ina neman numfashi, na dubi hannun nan nata na ce a raina, ita ce ta soya. Shekara ashirin da aure, 'ya'ya biyar. Tunanin bai fi ƙiftawar ido ba, amma ya zo.

Mijin Sista ne ya kai ni asibiti a motarsa, Sista tana baya tana riƙe da kaina. Aka yi mini allura a cinya, aka sa ƙarin ruwa. Na kwana biyu. Yaya ta zo da rubutu a gora, ta ce abin ya riga ya zauna a jiki, ko kuma an bi ta kan ragon. Ta tambayi maiɗakina ko Alhaji ya taɓa zuwa gidan ya ga ragunan. Ya taɓa zuwa, sau ɗaya, barkar haihuwa.

Likitan da ya duba ni matashi ne, na girme shi nesa ba kusa ba. Da ya ji labarin sai ya jawo kujera ya zauna, ya sa na maimaita masa lokutan. Ƙarfe nawa na ci, ƙarfe nawa ya fara. Ya rubuta. Ya tambayi kifi, ya tambayi kaza, na ce ba su taɓa yi mini komai ba.

"Malam, kana shiga daji? Ko kana hulɗa da dabbobi?"

Na gaya masa gonar da san.

"Kaska ta taɓa cizonka?"

Na kusa yin dariya. Wa ke kiwo kaska ba ta cije shi ba? Na ɗaga wando na nuna masa bayan gwiwata. A farkon daminar nan wata ta maƙale a wurin, ban gan ta ba sai da ta ƙoshi. Na fizge ta, wurin ya yi wata guda yana ƙaiƙayi, ya bar baƙin tabo. Akwai wani a ƙuguna. Ya daɗe yana duba su.

Ya ce yana da zato, amma sai an gwada jini, kuma gwajin ba a yin sa a nan, sai an aika Legas. Na amince, ba don na gamsu ba. A raina na ce yaron nan ya rasa abin faɗa ne ya laƙa wa kaska.

Bayan mako uku ya kira ni. Na je da maiɗakina. Ya ajiye takarda a gabanmu, ya yi bayani da Hausa tiryan-tiryan. Ya ce akwai wani sinadari, dangin sukari, a jikin dabbobi masu shayar da nono: saniya, rago, akuya, raƙumi. Babu shi a jikin mutum, babu a kaza, babu a kifi. Idan mutum ya ci shi a nama, jiki bai damu ba. Amma wata kaskar na ɗauke da shi a yawunta, idan ta shigar da shi ta fata, garkuwar jiki kan ɗauke shi a matsayin maƙiyi, ta tanadi makami a cikin jini. Wannan makamin aka auna a nawa, aka same shi da yawa. Daga ranar, duk lokacin da na ci jan nama, sai jikina ya tashi yaƙi.

"To me ya sa sai bayan awa huɗu?" na ce.

"Saboda yana tafiya ne da kitse, kitse kuma ba ya saurin narkewa. Shi ya sa mutane ba sa zargin naman. Ƙoda da kayan ciki sun fi tsoka tayar da shi."

Maiɗakina ta dube ni. Na kawar da kai.

"Likita, tsaya. Makiyayan da ke kwana cikin shanu fa? Kaska ta fi saninsu da ni. Ban taɓa jin nama ya kayar da ɗayansu ba."

Ya ce tambayar na kan hanya. Ya ce idan aka tara manya aka auna jininsu, za a samu da yawa na ɗauke da wannan alama ba su sani ba, suna cin namansu lafiya. An fi samun ta ga mutanen karkara, manoma, makiyaya, mafarauta, duk wanda aikinsa ke kai shi cikin ciyawa, da wanda kaska ta ciza ba sau ɗaya ba. Amma samun alamar daban, ciwon daban. Kaɗan ne daga cikinsu ke rashin lafiya.

"Me ya sa ni?"

"Wannan ba mu gama sani ba, Malam. Ba zan yi maka ƙarya ba."

Nan na kama. Na fito ina ce wa kaina, ai ga shi, su ma ba su sani ba. Idan mutum dubu na da alamar, ni kaɗai na faɗi, wa ya ce ba hannun wani a ciki? Yaya ma haka ta ce, har ta ƙara da cewa kaskar ma ana iya turo ta. Na yi kusan wata biyu a haka, ƙafa ɗaya a wurin likita, ɗaya a wurin Yaya. Na bar jan nama gaba ɗaya, na sayar da san, na riƙa sa dogon takalmi idan zan shiga gona. Borin jini bai dawo ba. Kujerar kuma aka kawo wani daga wata ma'aikata aka ba shi, ni da Alhaji muka tashi a tutar babu. Ranar da takardar ta fito na saci kallonsa. Ya karanta, ya ja gemu, ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ya ci gaba da aikinsa.

Ba wani abu ne ya faru ya wanke shi ba. Zargin ne kawai ya rasa abin ci. Wata safiya na dubi mutumin nan yana fama da zaren tabaransa da ya tsinke, na ji kunya ta rufe ni.

Ranar Asabar da hantsi na tafi Gobarau. Na ajiye babur a bakin lungu na taka. Na yi sallama, ya fito da kansa, ya shimfiɗa mini darduma a zaure. Muka gaisa, muka sake gaisawa, iyali, gajiya, maƙwabta, har na rasa abin tambaya. Na zaro takardar asibiti na miƙa masa, na yi masa bayanin kaska da nama da kitse. Ya saurara yana gyaɗa kai.

"Allah ya sawwaƙe. Ashe ƙodar da nake tura maka ita ke cutar da kai."

"Alhaji, akwai abin da ban faɗa ba."

"Na sani, Malam."

Na ɗago na dube shi.

"Na ga ranar da ka sa ta a aljihu. Na ce ko yara za ka kai wa. Da ka fara kulle durowa na ce to. Da ka fara azumi na gane." Ya ninke takardar ya miƙo mini. "Na mayar da shi Laraba ne don in ba ka hanyar dawowa. Hajiya ta yi kuka ranar da na gaya mata abin da nake zato. Ita ke zuwa kasuwa da kanta ta zaɓo kayan cikin nan."

Na ce ya yafe mini. Na ce a roƙar mini Hajiya. Ya ce ya yafe duniya da lahira, ita ma zai gaya mata. Muryarsa ba ta canza ba, ban iya gane ko har zuciya ne ba.

Ya shiga ciki ya fito da tire, kofi biyu na shayi, an zuba madara har ya yi fari. Ya ajiye ɗaya a gabana. Likita ya gaya mini wasu masu irin ciwona madarar shanu ma na tayar musu, wasu kuma ba ta yi musu komai, ya ce kada in gwada sai ina kusa da magani. Tun daga lokacin ban taɓa madara ba. Maganin kuma na baro shi a gida.

Hannuna ya tsaya a kan kofin. Alhaji na kallona. Na buɗe baki zan yi bayani, na ga duk abin da zan faɗa zai fito ne kamar wancan zargin na da.

"In ba ka sha, bar shi," ya ce.

Na ɗauka na yi bisimilla na shanye, har ƙasan kofi. Na san ganganci ne, Sista ma da ta ji sai da ta yi mini faɗa. Ya rako ni har bakin lungu, ya tsaya sai da na tayar da babur.

Da na isa gida na ɗauko maganin na ajiye kusa da ni, na zauna a inuwa da agogo a hannu. Maiɗakina ta tambayi abin da nake jira, na gaya mata. Ta jawo kujera ta zauna tana tsince shinkafa. Azahar ta yi, na yi salla na dawo. Wajen ƙarfe uku na ji ɗan ƙaiƙayi a wuyana, na sa ta duba. Ta ɗaga wuyan rigar, ta duba da kyau, ta ce zufa ce.